Wa Zai Kai Saƙo Daji? Lacca kan 'Yan Kweka, Yaƙi da Sulhu a Yammacin Zamfara

 

Masu martaba iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, iyayena mata, ɗalibai, da sauran jama'ar Anka da Gummi da Bukkuyum, assalamu alaikum.

Na san akwai wanda ya ji abin da za a yi magana a kai yau ya ce a ransa: mu da muke kwana da takalmi a ƙafa, me ya haɗa mu da wata ɗariƙar Kiristoci ta Ingila da ta haramta wa kanta ɗaukar makami? Tambayar tana kan hanya. Amsata ita ce, shekara da shekaru muna gardama ɗaya a Zamfara, a yi sulhu ko a yi yaƙi, kowane gwamna ya zo da tasa, kuma gardamar ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Su kuwa waɗannan mutane sun shekara fiye da 350 suna riƙe da gefe ɗaya na gardamar har ƙarshensa. Sun taɓa mulkin ƙasa da shi, sun ga inda ya yi aiki, sun ga inda ya karye a hannunsu. Tarihinsu a rubuce yake, ana iya dubawa.

Wanda ya kafa su sunansa George Fox, ɗan wani masaƙi, an haife shi a 1624. Ya yi ƙuruciyarsa Ingila tana cikin yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa, yaƙin da ya kai ga fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai a 1649, kowane ɓangare yana cewa Allah na tare da shi. Fox ya fito yana wa'azi cewa akwai wani haske daga Ubangiji a zuciyar kowane ɗan Adam, kuma mutum ba ya buƙatar wani limami ya tsaya tsakaninsa da Mahaliccinsa. Mabiyansa suna kiran kansu Abokai, mutanen gari suka laƙaba musu Kweka don izgili, sunan ya bi su. Wanda ya taɓa sayen gwangwanin Quaker Oats ya ga hoton wani dattijo da faffaɗar hula, to irin shigar mutanensu na da ke nan, ko da yake kamfanin ba nasu ba ne, sunan kawai aka ara saboda an san su da amana.

Ibadarsu ta asali abin mamaki ce ga wanda bai saba ba. Ɗaki ne ba ado, bencina suna kallon juna, babu mumbari, babu mai ja, babu waƙa. A zauna shiru kamar awa guda. In wani ya ji akwai magana a zuciyarsa, namiji ko mace, sai ya miƙe ya faɗa a taƙaice ya zauna, ba wanda zai ba shi amsa. A yau ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan Kweka ita ce Kenya, inda suka kafa mishan a Kaimosi a 1902, kuma na can suna da fastoci da waƙoƙi kamar sauran coci.

A 1651 Fox yana tsare a kurkukun garin Derby aka zo masa da tayi: a sake shi, a ba shi muƙamin kyaftin a rundunar majalisa. Ya ƙi, aka mayar da shi ɗakin da ya fi muni. Shekara goma bayan haka, a Janairun 1661, wasu masu tsattsauran ra'ayi suka tayar da bore a Landan, gwamnati ta hau kamun duk wanda ba ta yarda da addininsa ba, aka cika gidajen yari da dubban 'yan Kweka. Sai Fox da wasu manyansu suka rubuta wa Sarki Charles na Biyu takarda, suka bayyana cewa su ba sa yaƙi da makami a kan kowane dalili, ko don mulkin duniya ko don addini. Wannan takarda ita ce ginshiƙin aƙidarsu har gobe.

Hujjarsu ta farko, in akwai hasken Ubangiji a cikin kowa, to yana cikin maƙiyinka ma. Suna kuma kafa hujja da koyarwar da suke jingina wa Annabi Isa, alaihis salam, ta son maƙiyi. Amma wadda ta fi jan hankalina ita ce ta uku, cewa yaƙi yana da iri, kuma irin kwaɗayi ne da zalunci, don haka wanda ya ce ba zai yi yaƙi ba wajibi ne ya fara da tsige irin daga rayuwarsa. Wani malaminsu na Amurka, John Woolman, wanda ya rasu a 1772, yana kiran mutanensu su binciki dukiyarsu da tufafinsu da kayan ɗakinsu su gani ko akwai abin da ke ciyar da yaƙi a ciki. Daga nan ne suka ƙi bauta tun da wuri, har taronsu na Philadelphia ya yanke a 1776 cewa mai riƙe da bawa ba ya cikinsu. Daga nan ne kuma suka ƙi rantsuwa ko a gaban alƙali, suna cewa mai rantsuwa kamar yana nuna yana da magana iri biyu ne, wadda ya rantse a kai da wadda bai rantse ba. A kasuwa farashi ɗaya suke faɗa, ba ciniki. Wannan amana ce ta gina musu bankuna irin su Barclays, wanda dattawanmu suka sani kafin ya koma Union Bank, da kamfanin Cadbury mai Bournvita da Tom Tom. Ku riƙe maganar rantsuwar nan, za mu sake haɗuwa da ita a Gusau.

Yanzu ga inda labarin ya shafe mu. A 1681 Sarki Charles na Biyu ya biya wani bashi da ake bin gidan sarauta da wata ƙatuwar ƙasa a Amurka, ya miƙa ta ga wani ɗan Kweka mai suna William Penn. Ita ce Pennsylvania. Penn ya isa a 1682, ya tarar da masu ƙasa, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka da ake kira Lenape. Takardar sarki tana hannunsa, amma bai tsaya a kanta ba, sai ya zauna da shugabannin ƙabilar, ya riƙa sayen fili yana biya, ya koyi wani abu na harshensu. Sauran yankunan Turawa suna ta gwabzawa da 'yan ƙasa, ita kuwa Pennsylvania ta shekara kusan 70 ba ta da rundunar soja, kuma ba a yi yaƙi ba.

Me ya rusa wannan zama? Fili. Bayan rasuwar Penn 'ya'yansa suka gaje ƙasar ba su gaji halinsa ba. A 1737 suka fito da wata tsohuwar takarda da suka ce ta ba su fili iya tafiyar mutum ta yini ɗaya da rabi. 'Yan Lenape suka yarda, a zatonsu tafiya ce irin ta mutane, a yi a huta a ci abinci. Sai 'ya'yan Penn suka sa aka share hanya tun kafin ranar, suka ɗauko mutum uku mafiya sauri, ɗaya daga cikinsu ya ci kusan kilomita 100. Da wannan dabara aka karɓe eka fiye da miliyan ɗaya, aka kori masu wurin. Shekara 18 suna haɗiye abin. A 1755, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa, 'yan Lenape suka faɗa wa ƙauyukan bakin iyaka, suna ƙona gidaje, suna kashewa, suna kwashe mata da yara. Kuma waɗanda abin ya faɗa wa ba su ne suka yi zambar ba. Talakawan manoma ne, baƙi daga Jamus da Ayalan, su ne a bakin daji. 'Yan Kweka masu rinjaye a majalisa suna can Philadelphia cikin aminci, suna jan ƙafa wajen fitar da kuɗin tsaro. Manoman nan suka ce, ku kuna tsare tsarkin zuciyarku, mu muna binne 'ya'yanmu. Ban ga laifinsu ba.

A 1756 gwamna ya shelanta yaƙi, har ya sa ladan kuɗi a kan fatar kan duk ɗan Lenape da aka kashe. 'Yan Kweka da dama suka ajiye kujerunsu na majalisa, don ba za su sa hannu a wannan ba, kuma ba za su iya hana mutane kare kansu ba. Mulki ya fita daga hannunsu ke nan. Amma ba su koma gida suka naɗe hannu ba. A wannan shekarar suka kafa wata ƙungiya da kuɗin aljihunsu, suka riƙa zuwa wurin shugaban Lenape mai suna Teedyuscung, suna sauraron ƙorafinsa a kan filin da aka ci, suna matsa wa gwamnati ta ji. Wannan yana cikin abin da ya kai ga yarjejeniyar Easton a 1758.

Saura yanki ɗaya. A Disamban 1763 wasu matasan bakin iyaka da suka haɗa ƙungiyar tsaron kai, ana kiransu 'yan Paxton, suka rasa maharan da suke nema, sai suka huce a kan wasu 'yan ƙasa na garin Conestoga, mutanen da suka daɗe suna zaman lafiya da kowa. Suka kashe mutum 20, har da yara, har da waɗanda aka ɓoye a wani gidan gwamnati don a tsare su. Ba a hukunta ko ɗaya ba. Da 'yan Paxton suka doshi Philadelphia kanta a farkon 1764, an ga samarin Kweka da yawa da bindiga a kafaɗa.

Ba sai na fassara muku wannan labari ba, jama'a. Kun san burtalin da aka nome, da mashayar da aka kewaye, da gandun dajin da aka yanka wa masu hannu da shuni. Kun san yadda makiyayi yake shiga hannun hukuma a kan ɓarnar da ba ta kai tunkiya ba, ya fito ya sayar da shanu biyar. Kun san fashi da satar shanu da suka tsananta daga wajen 2011, da yadda 'yan sa-kai suka tashi, da yadda aka riƙa kama Bafulatani a kasuwa a yanka shi a bainar jama'a ba shari'a. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya bi diddigin wannan duka a binciken da ya gabatar a 2021. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai faɗin haka ba ya wanke wanda ya shiga 'Yar Galadima a Afrilun 2014 ya buɗe wuta kan taron mutane, ko waɗanda suka kwana biyu suna bin ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, inda gwamnati ta ce an kashe 58, mutanen wurin suka ce sun kai 200. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ƙidaya rayuka fiye da 6,000 da marayu fiye da 25,000 daga 2011 zuwa lokacin, kuma abin da ya biyo baya ba ya cikin lissafin.

Don haka bari in faɗi matsayina a fili, kada a fita a ce malam ya zo ya ce a miƙa wuya. Ban yarda da aƙidar Kweka a matsayin tsarin mulki ba, kuma tarihinsu da kansa ya nuna ba ta mulkuwa. Addininmu ma bai ɗora mana ita ba. Hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa ya yi shahada. Aya ta 9 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a sasanta ɓangarori biyu na muminai in sun yi faɗa, in ɗaya ya zarce a yaƙe shi har ya dawo, in ya dawo a sasanta da adalci. Hukumar da ta bar talaka a hannun ɗan bindiga ta ci amanar da aka ba ta, ko da wane suna ta kira abin.

Amma kada mu ɗauka kame hannu baƙon abu ne a wurinmu. Suratul Ma'ida ta kawo labarin ɗan Annabi Adamu da ya ƙi miƙa hannu ga ɗan'uwansa mai shirin kashe shi. Sayyidina Usmanu ya hana a zubar da jini dominsa alhali an kewaye gidansa. Sa'adu bn Abi Waƙƙas da Abdullahi bn Umar da Usama bn Zaid da Muhammadu bn Maslama sun janye daga yaƙin fitina, ba wanda ya isa ya kira su matsorata. Sayyidina Hasan ya sauka daga halifanci a shekara ta 41 bayan hijira don a daina kashe Musulmi. A nan Afirka ta Yamma akwai tafarkin Alhaji Salim Suware, wanda malaman Jahanke da Dyula suka bi ɗaruruwan shekaru: malami ba ya ɗaukar makami, ba ya neman sarauta, aikinsa karantarwa da sasantawa, har garuruwansu suka zama wurin da mai gudun yaƙi yake fakewa. Shehu Ahmadu Bamba na Senegal Faransawa sun kai shi gudun hijira Gabon daga 1895 zuwa 1902, bai taɓa ce wa almajiransa su ɗauki bindiga ba. Ko a cikin jihadin da ya ratsa ƙasar nan tamu, Malam Abdullahi na Gwandu ya bar runduna a wajen 1807 ya nufi gabas, saboda abin da ya gani na son duniya a cikin mayaƙa, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam. Kowace al'umma mai lafiya tana da masu takobi, tana kuma da wasu mutane da kowa ya san ba sa taɓa shi. Mu a yau na farkon sun yi yawa, soja da 'yan sanda da Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024 da 'yan sa-kai da na daji. Na biyun ne suka yi ƙaranci.

Ga misalin amfaninsu, kuma a ƙasar nan aka yi. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, wasu 'yan Kweka uku, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, sun riƙa kai da kawo tsakanin Janar Gowon a Legas da Ojukwu a yankin Biyafara. Ba gwamnatin da ta aiko su. Ba su da abin bayarwa, ba su da abin tsoratarwa, ba sa magana da 'yan jarida. Abin da suke yi shi ne su ɗauki maganar wannan su kai wa wancan yadda take, ba ƙari ba ragi, su kuma gaya wa kowane ɓangare abin da ɗayan yake tsoro da gaske. Ba su tsayar da yaƙin ba, da bindiga ya ƙare a Janairun 1970. Amma duka ɓangarorin sun ci gaba da buɗe musu ƙofa har ƙarshe, a lokacin da kowa ke zargin kowa, domin an bincika an ga ba abin da suke ci a ciki. Amincewar nan kuwa ba rana ɗaya aka same ta ba. A yaƙin duniya na farko da na biyu samarinsu da suka ƙi shiga soja sun tuƙa motocin ɗaukar masu rauni a bakin daga, wasu sun sha ɗauri, bayan yaƙi kuma suka ciyar da yaran Jamus, ƙasar da aka yaƙa. A kan haka aka ba ƙungiyoyinsu biyu, ta Ingila da ta Amurka, kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1947.

Mutanen Anka da Bukkuyum sun ga irin wannan da idonsu, ko da yake ba daga 'yan Kweka ba. A 2010, da gubar dalma ta haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Dareta da Abare da Yargalma da Tungar Guru da Bagega da sauransu, likitocin MSF sun zo, ƙungiyar da wasu likitocin Faransa suka kafa a 1971 bayan abin da suka gani a Biyafara. Ku tuna farar motarsu. A jikin gilashi akwai hoton bindiga an ja mata jan layi, ma'ana ba a shiga da makami, ko na wane ne. A ɗakin yara na asibiti ba a tambayar uwa daga ruga take ko daga cikin gari kafin a sa wa ɗanta ruwa.

To mu auna wannan da abin da muka kira sulhu. A ƙarshen 2016 gwamnatin Abdul'aziz Yari ta zauna da jagoran 'yan bindiga Buharin Daji, aka karɓi makamai, ba a daɗe ba abin ya watse, Buharin kansa mutanensa suka kashe shi a Maris na 2018. A 2019 Bello Matawalle ya buɗe nasa sulhun, an sako mutane da dama, hanyoyi sun ɗan buɗe, wannan gaskiya ne kuma wanda aka sako masa ɗa ba zai raina shi ba. Amma a Fabrairun 2021 Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗaliban Ƙanƙara, ya zo Gusau ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya tuba, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, a can aka kashe shi. A cikin wannan Fabrairun aka kwashe 'yan matan Jangebe 279. A wannan lokacin ne kuma Sheikh Ahmad Gumi, wanda mahaifinsa marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ɗan garin Gummi ne, ya shiga dazuzzukan Zamfara yana wa'azi, ƙasa ta rabu biyu a kansa. Gwamna Dauda Lawal ya hau a 2023 ya ce shi ba sulhu. An kashe manyan 'yan daji irin su Halilu Sububu a Satumbar 2024, kuma har yanzu akwai gonakin da ba a zuwa.

Akwai kuma sulhun da ba ya shiga rediyo, wanda da yawa a zauren nan sun fi ni saninsa. Saƙo ya zo ta waya: ga adadin da gari zai biya kafin a yi shuka, ga ranar. Mai unguwa ya ɗauki littafin makaranta da biro yana bi gida gida, ana rubuta sunan magidanci da abin da aka yanka masa. Wannan ya sayar da akuya, waccan ta fitar da kwanukan aurenta. A ƙulla kuɗin a leda, a nemo wanda zai hau babur ya kai, wani lokaci a haɗa da katin waya da man fetur. Kaka ta yi, a sake aiko da na girbi. Wani wurin ma sai an je an nome musu tasu gonar tukuna. Ban zargi ƙauyen da ya yi haka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma wannan haraji ne, kuma kuɗin da aka tara shi ne harsashin baɗi.

Allah gafarta malamai, kun fi ni sanin yadda aka yi Hudaibiyya a shekara ta 6. An rubuta sharuɗɗa, an sa wa'adin shekara goma, an kafa shaidu, an cika alkawari ko da ya yi ɗaci, har aka mayar da Abu Jandal. Da Ƙuraishawa suka taimaka wa Banu Bakr a kan Khuza'a, warwarewar ta sami sakamako, aka buɗe Makka a shekara ta 8. Kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san hukuncin ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi: haddin da yake haƙƙin Allah ya faɗi, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan a wuyansa. A wane sulhu ne a jihar nan aka kira matar da aka kashe wa miji a Bukkuyum aka tambaye ta ko ta yafe, ko diyya take so? A wane ne aka kira Bafulatanar da aka yanka wa ɗa a kasuwa aka yi mata wannan tambaya? Gwamnati tana yafe abin da ba nata ba, ta kuma bar abin da yake nata, wato burtali da kotu da makaranta da rijiya.

Sannan a dubi masu shiga tsakani. Ban ce duka ba, akwai waɗanda suka sa ransu a haɗari don Allah. Amma sana'a ta buɗe a wurin. Wanda ake ba wani kaso a kuɗin fansa, ko kwangilar kai kaya daji, ko kujerar mai ba gwamna shawara, ranar da rikici ya ƙare ranar ce cinikinsa ya mutu. Ɗan daji ya san haka, ɗan gari ma ya sani, shi ya sa maganar da ya ɗauko ba ta da nauyi a kowane gefe.

Abin da nake roƙo, ranku ya daɗe, ƙarami ne kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga Gusau ko Abuja. A kowace masarauta cikin ukun nan a nemo mutane kaɗan, Hausawa da Fulani, malamai da arɗaɗɗe da dattawan kasuwa, har da mata, domin mata suna shiga inda namiji ba ya shiga, kuma ta bakin masu tallan nono labari ya daɗe yana ratsawa tsakanin ruga da gari. Su ɗauki sharaɗi a bainar jama'a: ba su riƙe makami, ba su shiga jam'iyya, ba su taɓa kuɗin fansa ko da kai shi ne, ba su karɓar kyautar gwamnati ko ta daji, ba su zama 'yan leƙen asirin kowa. Abin hawansu da guzurinsu ya fito daga wani asusu da ake karanta lissafinsa a masallacin Juma'a. Soja ya yi aikinsa, alƙali ya yi nasa, su kuma a ƙyale su da nasu, kada hukuma ta kama su don sun yi magana da ɗan daji, kada kuma ta tilasta musu su nuna hanya.

Aikinsu na farko ma ba zaman sulhu ba ne. Rubutu ne. Gunduma gunduma, a rubuta sunan duk wanda aka kashe, da ranar, da wurin, na gari da na ruga a littafi ɗaya. A rubuta shanun da aka kora da gonakin da aka bari. A fito da tsofaffin taswirorin burtali da makiyaya, a zauna da dattawan da suka san inda iyakokin suke tun kafin a ƙirƙiro jihar a 1996, a rubuta wanda yake nome su yanzu, ko wane ne shi. Na san wannan na ƙarshen shi zai fi wuya, domin wasu sunayen da za su fito ba a daji masu su suke kwana ba. In an tashi maganar diyya, ko a wannan gwamnati ko a wata, da wannan littafin za a zauna.

An ce mini akwai lokacin tambayoyi, kuma ina so a fara ba mutanen ƙauyukan da suka yi gudun hijira dama kafin na kan kujerun gaba.